Zaɓen Shugaban Ƙasar Amurka na 2012 da Rigimar Obamacare

Zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2012 shi ne wanda anka yi ranar Talata 6 ga Nuwamba 2012, tsakanin Barack Obama na jam'iyyar Dimokarat mai neman ta-zarce da Mitt Romney na Rifablikan, tsohon gwamnan jihar Masachusets. Obama ya ci da ƙuri'un wakilan jihohi masu zaɓen shugaban ƙasa 332, Romney 206, a ƙuri'ar jama'a kuma wajen kashi 51 da kashi 47. Tattalin arziki da rashin aiki su ne kan gaba a kamfen, amma abin da ya fi raba kawunan mutane har cikin gida guda shi ne dokar inshorar lahiya da ake ce ma Obamacare, da tambayar da ke ƙarƙashinta, wato ina ruwan gwamnati da ciwon mutum.

Asalin rigimar

Amurka ba ta da tsari irin na Ingila inda gwamnati ke riƙe da asibitoci kowa ya je a duba shi. Can mafi yawan mutane wurin aikinsu ne ke biya musu inshora, al'adar da ta kafu tun yaƙin duniya na biyu lokacin da anka hana kamfanoni ƙarin albashi, sai sunka koma jawo ma'aikata da inshora. Shugaba Truman ya nemi a yi inshora ta ƙasa baki ɗaya a 1945, ƙungiyar likitoci ta ce gurguzu ne, magana ta mutu. A 1965 Lyndon Johnson ya kawo Medicare na tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid na talakawa. Bill Clinton ya sake gwadawa a 1993 ya sha ƙasa. To zuwa 2010 mutum kusan miliyan 50 ba su da inshora ko wace iri, a ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi kan lahiya, kuma kamfani na iya ƙin karɓar ka don kawai kana da ciwon suga ko hawan jini tun kafin ka zo.

Obama ya sa ma dokar hannu 23 ga Maris 2010. A majalisar wakilai ta wuce da ƙyar, 219 da 212, babu ɗan Rifablikan ko guda da ya goyi baya. Ta hana kamfanoni korar mai tsohon ciwo, ta bar yaro kan inshorar iyayenshi har shekara 26, ta faɗaɗa Medicaid, ta sa tallafi ga masu ƙaramin ƙarfi. Sai kuma inda gizo ke saƙa: kowa dole ya yanki inshora ko ya biya tara. Dalilin tilas ɗin kamar adashe ne, in masu lahiya sunka ƙi zubi sai ranar da ciwo ya kama su, asusun ba ya ɗorewa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Magoya baya sun tafi a kan cewa magani haƙƙi ne, bai kamata mutum ya sayar da gida don an yi mai aiki ba, kuma dama wanda ba shi da inshora in ya faɗi ɗakin gaggawa dole a duba shi, kuɗin kuma kan sauran jama'a suke komawa. Masu adawa, musamman 'yan Tea Party, tafiyar masu ƙin yawan haraji da kashe kuɗin gwamnati da sunka taso a 2009, ba wai suna son talaka ya mutu ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka nan, tsoron gwamnati ne ke cikin jininsu tun kafuwar ƙasar. Hujjarsu ita ce in yau Washintan ta tilasta maka sayen inshora gobe mi za ya hana ta tilasta maka sayen wani abu, har a kotun ƙoli sai da anka kawo misalin ganyen burokoli, kamar a ce gwamnati ta ce kowa sai ya sayi zogale don yana gyara jiki. Ga kuma batun haraji da bashi. An yi ƙarya ma da yawa, kamar maganar Sarah Palin, tsohuwar gwamnar jihar Alaska 'yar Rifablikan, ta cewa za a kafa kwamitin da zai yanke wa za a bari ya mutu, abin da babu shi cikin dokar.

Jihohi 26 sunka kai ƙara. Ranar 28 ga Yuni 2012, wata huɗu da 'yan kwanaki kafin zaɓe, kotun ƙoli ta yanke da alƙalai 5 da 4 cewa tarar haraji ce don haka majalisa na da hurumi, kuma babban jojin John Roberts wanda Bush ya naɗa shi ne ya cika na biyar ɗin, abin da ya ƙona ma 'yan Rifablikan rai ƙwarai. Sai dai kotun ta ce faɗaɗa Medicaid ganin damar jiha ne, shi ya sa har yau Teksas da Fulorida ba su yi ba.

Cikin kamfen

Abin dariyar shi ne Romney da kanshi ya sa hannu ga doka kusan irin wagga a Masachusets a 2006, har da tilas ɗin. Sai ya koma cewa abin da jiha ta yi ma kanta daban, abin da tarayya ta ƙaƙaba ma kowa daban, ya yi alƙawarin soke Obamacare. Mataimakin da ya ɗauko, Paul Ryan, shina da shirin maida Medicare ya zama gwamnati ta ba tsoho kuɗi ya je ya sayi inshora da kanshi, 'yan Dimokarat sunka riƙe wanga suna tsorata tsofaffin Fulorida da shi. A Satumba kuma wani bidiyo da anka ɗauka a ɓoye wurin cin abincin masu kuɗi ya fito, inda Romney ke cewa kashi 47 na jama'a sun dogara ga gwamnati, suna ganin haƙƙinsu ne a ba su magani da abinci da gida. Wagga magana ta yi mai illa sosai, don cikin waɗanda ya haɗa har da tsofaffi 'yan fansho masu zaɓen jam'iyyarshi.

Bayan zaɓe

Nasarar Obama ta ba dokar damar fara aiki sosai a 2014, duk da shafin rajistar na intanet ya ba da kunya a farko. Tarar ta fara daga dala 95 ta kai 695 a 2016. A Yulin 2017 zamanin Trump an zo soke wani sashen dokar, sanata John McCain, shi ma ɗan Rifablikan, ya juya babban yatsa ƙasa a majalisar dattawa alamar bai yarda ba, yunƙurin ya faɗi, amma a ƙarshen shekarar anka maida tarar sifiri.

In an kwatanta da nan gida

Mutumin Gusau ko Argungu in ka ba shi wanga labari sai ya riƙe baki, don nan ba a gardamar ko gwamnati ta shigo, kukan shi ne ba ta iso ba. Likita ya rubuta maka takarda ka tsallaka titi kemis, a ce a kawo jini leda biyu, ɗan'uwa ya zaga dangi da waya, in abin ya gagara a yi sanarwa masallaci bayan magariba. Lokacin gubar dalma ta 2010 a yankin Anka da Bukkuyum, da yara sama da 400 sunka rasu, ƙungiyar likitocin agaji ta duniya MSF ce ta riƙe jinyar yaran. Nijeriya ma ta yi tata dokar tilas, Buhari ya sa hannu ga dokar NHIA a Mayun 2022 wadda ta wajabta inshora kan kowa, ga hukumomin inshorar lahiya na jihohi kamar KECHEMA a Kebbi da ZAMCHEMA a Zamfara, amma ba a ji ta zama abin faɗa a zaɓen 2023 ba, tsaro da tallafin mai da canjin kuɗi sunka cinye filin. Ma'aikacin gwamnati dai yakan yi ƙorafin yankan da ake mai a albashi, manomi kuwa da yawa bai ma san an yi dokar ba.