Mai sharhin wasanni

Mai sharhin wasanni shi ne ɗan jaridar da ke bayyana wa jama'a abin da ke gudana a fili kai-tsaye, ta rediyo ko talabijin. Da yawansu da alƙalami suka faro. John Motson na BBC, wanda ya yi sharhi a gasar cin kofin duniya har sau 10, rahoton jarida ya fara rubutawa a Ingila kafin ya koma rediyo a 1968.

BBC ta fara watsa sharhin ƙwallon ƙafa kai-tsaye ranar 22 ga Janairun 1927, a karawar Arsenal da Sheffield United. Mujallar Radio Times ta buga taswirar filin a rabe gida takwas, aka sa mutum na biyu yana kiran lambar gidan da ƙwallo take.

Rabin aikin kafin busa usur ake yin sa. Mai sharhi kan haɗa takarda guda mai ɗauke da lambar kowane ɗan wasa, shekarunsa, ƙwallayen da ya ci da yadda ake furta sunansa. Jerin waɗanda za su buga yakan fito ne kimanin awa ɗaya kafin a take wasa, sai a gyara takardar cikin hanzari. Lokacin da 'yan wasa ke motsa jiki yake haddace askinsu, launin takalmansu da salon gudunsu, don lambar riga ba ta karantuwa daga nesa, balle idan ɗan wasa ya fuskanto shi.

A rediyo shiru laifi ne, kuma dole a riƙa maimaita ci da minti nawa aka yi saboda wanda ya kunna yanzu. A talabijin kuwa yawan surutu ne laifin, tunda mai kallo yana gani da idonsa. Makirufon da aka fi amfani da shi a filin wasa ana manna shi ne a leɓen sama domin ya rage hayaniyar 'yan kallo, furodusa kuma yana ba da umarni ta na'urar kunne.

Kuskure ya fi yawa idan daga situdiyo ake sharhi, ana bin allo. Kyamara ba ta nuna mataimakin alƙalin wasa a kan kari, sai mai sharhi ya ɓarke da ihun ƙwallo alhali tuni an ɗaga tutar satar gida.

Shi kuwa marubucin jarida, agogo ne abokin gabarsa. Yana rubuta gangar jikin rahoton ana tsaka da wasa, ya bar sakin layin farko sai an tashi, ya aika cikin 'yan mintuna. Ƙwallon ƙurarren lokaci kan rushe wannan shiri gaba ɗaya. A wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai na 1999, Bayern Munich na gaba da ci 1-0 har minti na 90, kafin Manchester United ta zura biyu a mintunan ƙari.