In anka ƙara ma maigida ko uwargida maganin ciwon damuwa, kada a yi saurin cewa ya canza

Assalamu alaikum jama'a. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa nike aiki nan Sakkwato, kuma abin da ya sa na ce yau sai na yi wannan rubutun wata baiwar Allah ce da ta zo wurinmu kwanakin baya da baƙar leda a hannu. Ta jira har layi ya watse sannan ta matso ta kwance ledar ta zazzage saman tebur. Maganin maigidanta ne na wata biyu cur, ko ƙwara ɗaya ba a ɓalle ba. Ta ce, "Sista, ni na hana shi sha. Tun da anka ƙara mai maganin ga ba ni gane mai, kwana kawai shikai, in ya tashi kamar ba shi gidan, kuma..." sai ta sadda kai tana murza bakin hijabinta. Na gane sauran. Uwar mijinta ta ce mata ai maganin asibiti ne ke kashe mashi jiki, ƙawarta kuma ta ce a'a, wata ce ta shiga tsakaninsu, ta tashi tsaye.

Wallahi ban ga laifinta ba, don babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani. Mu ma'aikata muna yi ma marar lafiya bayani cikin gaggawa ga layi na jira, ya koma gida ya manta rabi, ita kuma wadda za ta kwana ta tashi da shi ba ta ji komai ba sai abin da idonta ya gani.

To ga yadda abin yake. Maganin ciwon damuwa ba kamar Panadol ba ne da za ka sha yanzu anjima ka ji sauƙi. Yana ɗaukar sati 2 zuwa 4 kafin a fara ganin canji, wani sai ya kai sati 6 ko 8. Likita kan fara da kaɗan, Fluoxetine miligiram 20, Sertraline 50, Amitriptyline 25 ko 50, in an ga bai wadatar ba sai a ƙara a hankali, Sertraline na iya kai 200, Amitriptyline kuma har 150. Ƙarin ba ya nufin ciwon ya zama hauka kamar yadda dangi ke saurin cewa. Jiki ne ya bambanta, hantar wani na narkar da magani da sauri ta wani a hankali. Amma duk lokacin da anka ƙara, illolin kan ƙaru su ma, kuma su ke riga amfanin zuwa. Nan ne ake yin asarar mutane da yawa, sati na farko da na biyu, an ga wahala ba a ga sauƙi ba tukuna sai a ce maganin bai karɓe shi ba.

Amitriptyline shi munka fi gani a hannun mutane saboda arha. In ya yi yawa baki ya bushe ƙamas, bayan gida ya yi tauri, ido ya riƙa gani dishi-dishi, ga barci mai nauyi da kasala har hantsi, ga yawan ci da ƙiba, dattijo kuma fitsari na iya yi mashi wuyar fita. Akwai jiri in mutum ya miƙe da sauri, shi ya sa nike ce ma mata in maigida zai tashi daga tabarma ko ya ɗago daga sujada ya ɗan dakata tukuna, kada ya zabura. Wani abin da ya shafe mu musamman, maganin na rage zufa. Kun san zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, ma'auni na wuce 40, wanda jikinshi ba ya fitar da zufa yadda ya kamata zafi na iya kayar da shi tsakiyar kasuwa. A ajiye mashi ruwan randa kusa, ya rage yawo da tsakar rana. In ɗan kabu-kabu ne ko direba, a gaya ma likita tun farko, kuma kada ya hau mashin da safen da kanshi ke da nauyi.

Su Fluoxetine da Sertraline da Escitalopram nasu daban ne. Tashin zuciya, ciwon kai, gudawa, zufar dare, wani barcin ne ke gagarar shi. Yawancin waɗannan cikin sati ɗaya ko biyu suke lafawa, shan maganin bayan an ci abinci ma na rage tashin zuciyar.

Sai abin da baiwar Allahn nan ta kasa faɗi, kuma shi ne ya fi rusa gidaje. Waɗannan magungunan na rage sha'awa, ga namiji ga mace. Namiji na iya rasa kuzari ko ya daɗe bai kawo ba, mace kuma ta ji abin ya fita ranta gaba ɗaya ko ta kasa samun gamsuwa, kuma yawan maganin na ƙara abin. Shi kanshi ciwon damuwar ma yana kashe sha'awa tun kafin a fara magani. 'Yar'uwa, ba muni kika yi ba, ba wata ya gano ba, ba asiri anka yi maku ba. Shi ma yana kwance yana jin kunyar da ba ya iya faɗi. Abin da ke ba ni tausayi shi ne kuɗin da ake zubarwa, ita ta tafi neman kayan mata, kuma ai mu nan ba a gaya muna kayan mata, shi kuma ya laɓaɓa wurin mai maganin maza ya sayo abin da babu wanda ya san mi anka zuba ciki, a haɗa da maganin asibiti. Wannan matsalar sau da yawa ba ta tafiya da kanta kamar tashin zuciya, amma tana da gyara. Likita na iya rage adadin in lokaci ya yi, ko ya canza zuwa wani irin Mirtazapine wanda bai cika taɓa wannan ɓangaren ba, duk da shi ma yana sa barci da ƙiba. Sai dai ba zai gyara abin da ba a gaya mashi ba. In kunya ta hana, a rubuta a takarda a miƙa, ko a jawo nas gefe, wallahi kullum muna jin irin wannan kuma nan take tsayawa.

Akwai kuma wanda zai ce maka damuwar ta tafi amma farin cikin ma ya tafi, an yi haihuwa bai ji daɗi ba, an yi rasuwa hawaye sun ƙi zuwa. Shi ma alama ce da ake gaya ma likita, ba taurin zuciya ba ne.

Maza, ku ma da ku nike. In matar ce ke shan maganin abin ya fi muni, don ita ba a yi mata uzuri. Ta makara da safe a ce raggwanci, ta yi ƙiba a yi mata gori, ta kasa da dare a fara yi mata maganar kishiya. Malam, matarka jinya take. Ka nemi wanda zai kama mata aikin safe na 'yan makonnin nan, ka kare ta daga bakin danginka, kuma ran da za ta ga likita ka bar shago ka raka ta ka shiga ciki tare da ita in ta yarda, kada ka tsaya bakin get kana danna waya.

Yanzu abubuwan da ba a jira da su. Kada a haɗa waɗannan magungunan da Tramol, ko da ciwon baya ne ya matsa. Haɗin na iya sa wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ake ce ma sirotonin ya yi yawa a jiki, mutum ya kama karkarwa da zazzaɓi da zufa da ruɗewa, har da farfaɗiya. Diclofenac da Ibuprofen da ake saye kemis kamar gyaɗa, in an haɗa da su Sertraline suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Amitriptyline kuma in an sha da yawa lokaci ɗaya yana taɓa zuciya yana kisa, don haka a kulle shi inda yara ba su kai, kuma in mai shan ya taɓa maganar ya gaji da rayuwa to ke ko kai za ku riƙe maganin ku riƙa ba shi na kullum. A sa ido sosai makonnin farko da kuma duk lokacin da anka ƙara ko anka rage, musamman ga wanda bai kai shekara 25 ba, don wasu tunanin halaka kai na ƙaruwa a wannan lokacin. Tambayar mutum kai tsaye ko yana wannan tunanin ba ta sa mashi shi a rai, kada ku ji tsoron tambaya. In kun ga suma, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, ko fitsari ya tsaya, ko mutum ya kwana biyu uku ba barci yana ta surutu da rabon kuɗi kamar ba shi ba, a tafi asibiti ranar, kada a jira ranar da anka rubuta a kati. Ga Asibitin Kware na gwamnatin tarayya, ga UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, duk akwai likitocin wannan fannin.

Wasu na cewa ai ƙwaya ce, in an fara ba a bari. Ba irin Tramol ko kodin ba ne, ba ya sa maye, mutum ba ya ƙishirwar shi. Jiki ne dai ke sabawa, shi ya sa ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali likita ke rage shi, kuma ko an warke ana ci gaba aƙalla wata 6 don kada ciwon ya dawo. Don Allah a bar kiran mutum ɗan ƙwaya ko da cikin faɗa ne, a bar miƙa mashi maganin gaban baƙi. Addu'a da ruƙiyya a ci gaba da su, babu inda sunka ci karo da magani. In azumi ya matso a tambayi likita, mafi yawansu sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mai da shi bayan shan ruwa ko sahur. Mace in ta samu ciki ko tana shayarwa kada ta daina da kanta, ta zo a duba wanda ya dace da ita. Kuma ku yi tambaya ba tare da jin nauyi ba, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tsaya ma haƙƙin marar lafiya, ba alfarma kuke roƙo ba in kun ce a yi maku bayani.

Mai jinya ma yana gajiya, na sani. Ki samu mutum ɗaya mai riƙe sirri, yayarki ko innarki, ki riƙa sauke abin da ke ranki, kar ki haɗiye har ke ma ki kwanta.

Ita wannan baiwar Allah, da na tambaye ta mi ya faru bayan ya daina, ta ce kwana uku ya yi yana jiri, yana cewa kamar wutar lantarki na jan shi cikin kai, ga faɗa ga rashin barci, daga baya ya ɗan warware har ta ce Alhamdulillahi, sai ga shi bayan 'yan makonni ya daina buɗe shago ya koma ɗaki ya rufe, ko abinci sai an yi da gaske. Abin da ya kawo ta ke nan, tana son in ce mata ta koma ba shi yadda yake sha a da. Na ce a'a Hajiya, wanda ya yi wata biyu bai sha ba ba ya komawa kan babban adadin nan kai tsaye, jikin ya riga ya manta da shi, daga ƙasa ake sake farawa kuma likita ne zai faɗi nawa. Na ce ta zo da shi da ledar da katin. Washegari tun kafin mu gama shara suna kan benci su biyu, ita ke riƙe da katin, da wata 'yar takarda da ta ninke hudu ta rubuta abin da ta kasa faɗa mani jiya.