Waiwaye: Dalilan Da Ke Sa Jiragen Fasinja Faɗuwa Dab Da Sauka

Ranar 22 ga Janairun 1973, wani jirgi ƙirar Boeing 707 da kamfanin Nigeria Airways ya yi haya daga kamfanin Alia na ƙasar Jodan ya taso daga Jidda ɗauke da alhazai, da nufin sauka a Legas. Rashin kyawun yanayi ya sa aka karkatar da shi zuwa Kano, inda ya tarar da hazon hunturu da iska mai ƙarfi. Ya daki titin sauka da ƙarfi, ƙafafunsa suka karye, wuta ta tashi, mutum 176 daga cikin 202 da ke ciki suka rasu. A wancan lokaci duniya ba ta taɓa ganin hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka kamar wannan ba.

Mintunan ƙarshe kafin sauka su ne mafi hatsari a tafiya, domin jirgi ya rage gudu, ya kusanci ƙasa, aiki ya yi wa matuƙa yawa, kuma kuskure kaɗan ba shi da sararin gyara. Tarihin yaƙi da wannan matsala ya fi karkata ga na'urori. Bayan da jirgin kamfanin TWA na Amurka ya afka wa wani tsauni yana shirin sauka kusa da Washington a Disambar 1974, Amurka ta wajabta sanya na'urar da ke gargaɗin matuƙi idan ya kusanci ƙasa fiye da kima. Faɗuwar jirgin kamfanin Delta a birnin Dallas na Amurka a 1985 kuwa ita ta hanzarta samar da na'urorin gano iskar da ke sauya alkibla kwatsam.

Sai dai na'ura gargaɗi kawai take yi, yanke shawara na hannun mutum. Wannan ya fito fili a Fatakwal ranar 10 ga Disambar 2005, lokacin da jirgin Sosoliso da ya taso daga Abuja ya faɗi cikin ruwan sama mai ƙarfi, mutum 108 suka rasu, ciki har da ɗalibai 60 na makarantar Loyola Jesuit. Bincike ya nuna cewa matuƙan sun ci gaba da gangarowa har suka wuce tsayin da doka ta ce duk wanda bai hango titi ba ya fasa sauka ya sake tashi, sa'annan fitilun titin ba su kunne. Da suka yi yunƙurin fasawa, lokaci ya riga ya ƙure. A ganina, ɗora laifin irin wannan a kan ruwan sama kaɗai zalunci ne ga mamatan, tunda yanayi mara kyau abu ne da aka san da zuwansa, kuma saboda shi aka shimfiɗa ƙa'idojin.

Hatsarin jirgin Dana na 3 ga Yunin 2012 ya zo da irin wannan jinkiri ta wata fuskar. Ɗaya daga cikin injinan jirgin guda biyu ya fara ba da matsala tun jirgin na hanya daga Abuja, amma matuƙan ba su nemi filin jirgi mafi kusa ba. Na biyun ya daina aiki dab da Legas, jirgin ya faɗa kan gidaje a unguwar Iju-Ishaga, dukkan mutum 153 da ke ciki suka rasu, tare da wasu mazauna unguwar da tsautsayin ya riska a gidajensu.