José Santamaría

José Emilio Santamaría Iglesias, wanda aka haifa a birnin Montevideo ranar 31 ga Yuli, 1929, ɗan wasan baya ne na tsakiya da ya buga wa ƙasashe biyu, Uruguay da Sifaniya, daga baya kuma ya zama koci. Iyayensa 'yan yankin Galicia ne na Sifaniya da suka yi ƙaura zuwa Uruguay. Magoya baya sun yi masa laƙabi da "La Pared", wato Bango.

Nacional da Uruguay

Ya fara buga wa babbar ƙungiyar Nacional wajen shekarar 1948, ya kuma ci gasar Uruguay sau biyar tare da ita kafin ya bar ta a 1957. Bai shiga tawagar Uruguay da ta ɗauki kofin duniya a Brazil a 1950 ba. Ana cewa saɓani kan gurbin da zai buga ne ya hana.

A 1954 aka tafi da shi gasar cin kofin duniya a Switzerland. Uruguay ta fitar da Ingila da ci 4-2, sannan ta haɗu da Hungary a Lausanne a wasan kusa da na ƙarshe. Hungary ta fara cin biyu, Juan Hohberg ya farke duka, sai a ƙarin lokaci Sándor Kocsis ya saka biyu da ka, aka tashi 4-2. Wannan ne karo na farko da aka doke Uruguay a gasar cin kofin duniya. Wasa 20 Santamaría ya buga mata.

Real Madrid

Madrid ɗin da ya tarar a 1957 tana da Di Stéfano da Gento da Kopa a gaba, Puskás kuma ya zo bayan shekara guda. Da irin waɗannan 'yan gaba, sau da yawa baya kan zauna a buɗe, shi ne ke toshe ta. Ya iya ƙwace ƙwallon sama, kuma bai cika doka ƙwallo gaba ba, ya fi son ya miƙa wa ɗan tsakiya a ƙafa. Abokan hamayya sun san shi da ƙarfin shiga.

Ya buga wasan ƙarshe na Kofin Turai a 1958, inda suka doke Milan 3-2 a Brussels, da na 1959 da Reims, da kuma na 1960 a filin Hampden Park na Glasgow, ranar da suka lallasa Eintracht Frankfurt 7-3. A wannan shekarar ce suka ci Peñarol, babbar kishiyar tsohuwar ƙungiyarsa Nacional, a gasar zakarun nahiyoyi ta farko: canjaras babu ci a Montevideo, 5-1 a Madrid. A wasan ƙarshe na Kofin Turai, sun sha kashi a hannun Benfica a 1962 da Inter a 1964. Kofin 1966 ana lissafa masa shi na huɗu, ko da yake bai buga wasan ƙarshen ba. La Liga kuwa sau shida ya ci. Ya jingine takalmi a 1966.

Sifaniya

Dokar lokacin ta bari ɗan wasa ya sauya ƙasa. Ya buga wa Sifaniya wasa 16, har da gasar cin kofin duniya ta 1962 a Chile, inda aka fitar da su tun a rukuni.

Aikin koci

Ya fara da matasan Sifaniya, sannan ya riƙe Espanyol daga 1971 zuwa ƙarshen 1977, ya kai ta mataki na uku a kakar 1972-73. A 1980 ya gaji László Kubala a tawagar ƙasar Sifaniya, da nauyin gasar kofin duniya ta 1982 da za a yi a gida. Abin bai yi kyau ba: kunnen doki 1-1 da Honduras, nasara 2-1 a kan Yugoslavia da taimakon bugun fenariti mai cike da gardama, sai Ireland ta Arewa ta ci su 1-0 a Valencia duk da an ba ɗan wasanta ɗaya jan kati. A zagaye na biyu Jamus ta Yamma ta doke su 2-1, suka yi canjaras da Ingila. Miguel Muñoz ne ya karɓi tawagar bayan gasar, Santamaría kuma bai sake horar da wata ƙungiya ba.