Wane ne "ƙwararren likitan zuciya"?

Da zarar wani sananne ya yanke jiki ya faɗi, kafin a dawo daga maƙabarta gidajen rediyo sun nemo wanda za su kira "ƙwararren likitan zuciya" don ya faɗa mana abin da ya kashe shi. Amsar kuma kullum guda ce: bugun zuciya. Lakabin nan yanzu rabonsa ake yi kamar goron ɗaurin aure, kowa ya zo wucewa a miƙa masa.

Wanda ke duba ka a asibiti, ya yi maka hoton zuciya, ya rubuta maganin hawan jini, likitan zuciya ne. Mai tsaga ƙirji ya canja bawul, wato murfin da ke hana jini komawa baya a zuciya, likitan tiyata ne, horonsu ma daban. Amma tambayar "me ya kashe shi?" ta wani na uku ce da ba a cika gayyata rediyo ba: likitan fatoloji da ya ƙware kan zuciya da jijiyoyin jini. Shi ba ya sa abin sauraro a ƙirjin kowa. Naman zuciyar yake aunawa, ya yanka siriri, ya rina, ya duba a madubin ƙara girma.

Hanyar kaiwa can doguwa ce. A Najeriya shekara 6 ta makarantar likitanci, shekara 1 ta sanin makamar aiki, bautar ƙasa, sannan shekarun horon ƙwarewa da jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma. Duk wannan fatoloji ne na gaba ɗaya, yau ƙullutun mama, gobe hanta. A Amurka sai an gama shekara 3 ko 4 na irin wannan horo ake ƙara wani, galibi na shekara guda, kan zuciya kaɗai.

Me ake koyo a ƙarin? A tuna da Marc-Vivien Foé, ɗan wasan ƙwallon ƙafa na Kamaru. Ranar 26 ga Yuni 2003 ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Liyon na Faransa ana wasa da Kolombiya, yana ɗan shekara 28. Binciken gawa ne ya nuna tsokar zuciyarsa ta yi kauri fiye da ƙima. To amma zuciyar ɗan wasa dama takan yi kauri saboda atisaye, ta mai hawan jini ma haka. Raba su shi ne aikin. A cutar da aka samu ga Foé, zaren tsokar ba ya jeruwa, a hargitse yake kwance, kuma wannan sai a madubi ake ganinsa. Sau da yawa cutar gado ce: wanda ke ɗauke da ita, kowane ɗansa na da rabin yiwuwar gadonta. Ka ga ke nan rahoton likitan ba don mamaci kaɗai aka rubuta shi ba, shi ne zai sa a kira 'ya'ya da ƙanne a yi musu hoton zuciya. Wanda ya ce "bugun zuciya" ya tashi taro, wa zai tura asibiti?

Kuma ba gawa kawai likitan fatolojin yake dubawa ba, kodayake haka mutane ke ɗauka. Wanda aka yi wa dashen zuciya, akan zura siririn bututu ta jijiyar wuyansa a tsinko 'yan ƙananan nama, likitan fatolojin ne zai duba ya faɗa ko jiki ya fara ƙin baƙuwar zuciyar.

A wajenmu ana gaggauta yi wa mamaci sutura, ban kuma da ja a kan haka. Sai dai hakan na nufin yawancin masu mutuwar farat ɗaya babu wanda ya ga zuciyarsu. Likitan da ke gaban makirfo, komai ƙwarewarsa, zato yake yi, kuma ban cika jin mai gabatar da shiri ya tambaye shi ko an yi binciken gawar ba.