Koyar da tarbiyya da kiwon lafiya a makarantun firamare na Katsina

Koyar da tarbiyya da kiwon lafiya shi ne ɓangaren karatun firamare da ya shafi tsaftar jikin yaro, da abincinsa, da kare kansa daga cuta, da zamansa da iyaye da malamai da tsararrakinsa. A jihar Katsina, kamar sauran jihohin Nijeriya, ba darasi guda ba ne mai sunansa a jadawali. An rarraba shi ne cikin darussan addinin Musulunci, zamantakewa, sanin haƙƙin ɗan ƙasa, kimiyya da motsa jiki, sannan wani kaso mai yawa ana koyar da shi a filin taron safe ba a cikin aji ba. Wasu ƙasashe sun ware masa gurbi na musamman. A Ingila, alal misali, darasin hulɗa da jama'a da na lafiya ya zama dole a firamare tun daga shekarar 2020.

Kafin zuwan boko

Katsina tsohuwar cibiyar ilimi ce. Ana danganta hasumiyar Gobarau da wajajen ƙarni na 15, kodayake masana tarihi ba su daidaita kan lokacin gina ta ba, kuma a ƙarni na 17 ne aka yi malamai irin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina. A wannan tsohon tsari, tarbiyyar yaro aikin gida ne da unguwa da makarantar allo. A gida yake koyon durƙusawa wajen gaisuwa, da cire takalmi a gaban babba, da cin abinci da hannun dama, da rashin sa baki idan manya na magana. Kowane babba a unguwa yana da ikon tsawatar masa, abin da Hausawa ke nufi da cewa ɗa na kowa ne.

Tsafta kuwa ta shigo ta ƙofar ibada. Yaron da ya fara littattafan fiƙihu na farko, wato Ahalari da Ishmawi, da tsarki yake somawa: wane ruwa ne ya halatta a yi alwala da shi, yaya ake kama ruwa, me ke warware alwala, yaushe wanka ke wajaba. Wanda ya kai Risala zai tarar da babuka kan yanke farce da aski da kaciya, da ladubban ci da sha, da sallama da neman izinin shiga gida. Ta nan ne kuma maganar balaga ke zuwa, domin ba a iya bayanin wankan wajibi sai an ambaci haila da mafarki. Abin da ya rage, musamman ga 'ya'ya mata, ba uwa ke faɗa ba, saboda kunyar da ke tsakaninta da 'yarta, balle 'yar fari. Kaka ce ko goggo ko yaya ke ɗaukar wannan nauyi, kaka kuwa da yake abokiyar wasa ce tana iya faɗin abin da bakin uwa ba zai iya ba.

Zamanin Turawa da En'e

Makarantun elementare da hukumomin En'e, wato hukumomin mulkin sarakuna a zamanin Turawa, suka riƙe sun sa tsafta cikin darussansu, kuma da Hausa ake koyarwa a azuzuwan farko. Malamai da dama na wancan zamani sun fito ne daga Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malamai, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sun yi karatu a can, kuma dukansu sun koyar kafin su shiga siyasa. An san kwalejin da matsa wa ɗalibai kan tsafta da kiyaye lokaci da wasannin motsa jiki, waɗanda suka fita daga cikinta kuma suka kai wannan hali makarantun da aka tura su.

Wajajen 1930 aka buɗe makarantun mata na farko na gwamnati a Arewa, a Kano da Katsina. Ta Katsina ta samu goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuma ɗalibanta na farko 'ya'yan gidan sarauta ne da na manyan fada. Turawa mata ne ke koyarwa. Ban da karatu da rubutu, an fi ba da ƙarfi ga ɗinki, tsaftar gida da renon jarirai, manufar ita ce yarinya ta tafi gidan miji da wannan ilimi.

A waje da makaranta kuma akwai duba-gari, ma'aikacin tsafta na En'e da ke shiga gidaje yana leƙa randa da masai da kwata, ya kai ƙarar wanda ya samu da ƙazanta. Akwai kuma masu yin lamba don rigakafin agana. Darasin aji da aikin duba-gari tafiyarsu ɗaya, shi ya sa tsofaffi da yawa ke tuna tsaftar wancan lokaci a matsayin doka mai hukunci.

Daga UPE zuwa yau

Shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya fara a 1976, lokacin Katsina da Daura na cikin jihar Kaduna. Sai a 1987 aka ƙirƙiro jihar Katsina. Shirin ya cika makarantu da yara fiye da yadda aka tanadi malamai da azuzuwa. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin matakin farko na bai-ɗaya, wato UBE, dokarsa ta fito a 2004, hukumar SUBEB ce kuma ke kula da firamare a jiha. Manhaja daga hukumar NERDC ta tarayya take zuwa, kuma an sha yi mata kwaskwarima. A 2006 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin kiwon lafiya a makarantu, a 2016 kuma ta soma shirin ciyar da 'yan firamare.

Yadda ake yi a makaranta

Taron safe ne wurin da abin ya fi fitowa fili. Yara kan jeru aji-aji, malami ya bi layi kowa ya miƙo hannuwa a duba farce, a buɗe baki a ga haƙora, a cire hula a ga ko an yi aski, mata kuma malama ta duba kitso da kwarkwata. Wanda aka ga makero a kansa ko ƙazuwa a tsakanin yatsunsa, a ce ya faɗa a gida a nema masa magani. Kafin nan an yi shara, monita na tsaye yana rubuta sunan masu makara. Hedimasta ya rufe da nasiha kan gaida iyaye, da barin zagi da faɗa, da mayar da abin tsintuwa.

A cikin aji, darasin lafiya ya fi karkata ga cututtukan da yaran suka sani da idonsu: zazzaɓin cizon sauro da amfanin gidan sauro, amai da gudawa da haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙyanda, sanƙarau a lokacin zafi, tsutsar ciki, da tsargiya da ake ɗauka wajen wanka a kududdufi da dam. Kurkunu ya zama tarihi tunda aka tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013. Littafin na iya zama da Turanci, amma bayanin da Hausa malami ke yin sa. Inda darasin ke cin karo da zahiri shi ne lokacin tara, sa'ad da yaron da aka koya wa wanke hannu da sabulu zai fita ya sayi awara ko ɗanwake a bakin ƙofa, a makarantar da wataƙila ba famfo ba bandaki. Rashin bandaki ya fi shafar 'yan mata na aji biyar da shida, kuma yana cikin abubuwan da shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, wanda Katsina ke ciki, ya yi aiki a kansu tare da kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata.

Yawancin yaran kan wuce Islamiyya da yamma, inda ake sake bin tsarki da ladubba da haƙƙin iyaye da maƙwabta, sau da yawa da zurfin da ya fi na safe.

Taƙaddama

Manhajar ilimin jima'i da aka tsara a matakin tarayya a farkon shekarun 2000 ta gamu da adawar malaman addini da iyaye. A 2003 aka sauya mata suna zuwa ilimin zaman iyali da cutar ƙanjamau, aka bar wa jihohi damar daidaita ta da al'adunsu. A Nuwamba 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin cire ilimin jima'i daga manhajar matakin farko, yana mai cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Masu goyon bayan darasin na cewa yana taimaka wa yaro ya gane mai neman lalata shi ya kuma kai ƙara. Ana kuma saɓani kan yi wa yara bulala a makaranta.

Horar da malamai

Takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a firamare. A jihar ana samun ta a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma.