Mene Ne "Facin Ranar Farko" a Wasannin Tseren Mota?

Faci kalma ce da aka sani daga taya da tufa: abu ya huje, a liƙa masa wani abu ya ci gaba da aiki. A harkar wasannin bidiyo ma haka take, sai dai abin da ake liƙawa fayil ne da kamfani ke turowa ta intanet ya gyara wasan da ke kan na'urarka. Facin ranar farko shi ne wanda ke jiranka tun ranar da wasan ya shiga kasuwa, kafin ka taka totur ko sau ɗaya.

Asalinsa ba abin zargi ba ne. Kwafin da za a buga a faifai dole a rufe shi makonni kafin ranar fitarwa, don a kai masana'anta a rarraba. Masu haɗa wasan ba sa naɗe hannu a makonnin nan, sai su tara gyare-gyaren da suka yi su turo ranar farko. Inda gizo ke saƙar shi ne idan kamfani ya mai da faci hanyar ƙarasa ginin da ya riga ya karɓi cikakken kuɗinsa. A nan ba ɓaraka ake ɗinkewa ba, rabin riga aka sayar, aka ce hannu da wuya suna tafe. Wannan ne ke ci wa masoya tseren mota tuwo a ƙwarya, kuma suna da gaskiya.

Driveclub, na kamfanin Evolution Studios, ya fito a PlayStation 4 a Oktoban 2014. An gina shi a kan ƙungiyoyi da gasa ta intanet, amma manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa suka kasa ɗaukar jama'a na tsawon makonni. Ruwan sama da sauyin yanayi sai a Disamba suka iso. Wasan ya gyaru sosai daga baya, amma sunansa ya riga ya ɓaci, kuma Sony ya rufe kamfanin a Maris 2016. Forza Motorsport na Oktoban 2023 ya zo da motoci sama da 500 da filayen tsere 20, amma babu Nordschleife ta Nürburgring a Jamus, hanyar nan mai kusan kilomita 21 da masu wasa da yawa ke gwada mota a kanta. Sai a Fabrairun 2024 aka saka ta. Tsarin da ke hana ka sa wa mota kayan ƙarin ƙarfi sai ka daɗe kana tuƙa ta, wanda aka yi ta kuka da shi tun makon farko, sai a Maris aka sassauta shi.

Me ya sa abin ya fi ciwo a tseren mota? Lissafi ne. Motar da ke gudun kilomita 300 a awa tana cin mita 83 a daƙiƙa ɗaya. Idan hoto ya sanƙare na kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ka wuce mita takwas ba ka gani ba, wato ka wuce inda ya kamata ka taka birki, sai bango. Irin wannan sanƙarewar ta addabi masu kwamfuta lokacin da EA Sports WRC ya fito a Nuwamban 2023. Sau da yawa dalilinta shi ne wasan yana shirya umarnin zana haske da inuwa a tsakiyar tsere, maimakon ya gama shirya su kafin a tashi.

Sannan facin kansa yana da tasa ɓarnar. Zuciyar wasan tsere ita ce lissafin yadda taya ke kama kwalta: zafinta, iskar cikinta, nauyin da ke kanta a kwana. Da an taɓa wannan lissafi komai ya motsa. Saitin da mutum ya ɓata kwanaki yana daidaitawa, na giya da iskar taya da taurin sifirin, ya tashi daga aiki. Lokutan da aka kafa a allon gwanaye ba su ƙara yin daidai da motar yanzu, wani lokaci sai an share su. Motocin da kwamfuta ke tuƙawa, waɗanda aka koya wa taka birki bisa tsohon lissafi, sai su riƙa tsayawa inda bai dace ba. Ga kuma sitiyarin wasa: na Logitech da Thrustmaster da Fanatec kowanne da yadda yake mayar da ƙarfi ga hannu, kowanne sai an sake gwada shi.

Wannan na cikin abin da ke jawo jinkiri. Filin tsere na gaske sau da yawa sai an je an auna shi da na'urar lesa, tudu da gangare da kowane ƙullutu, a zo a gina shi cikin watanni. Mota kuma sai da lasisin kamfaninta da amincewarsa. Faci na PlayStation ko Xbox yana bi ta tantancewar Sony ko Microsoft kafin ya fita. Duk waɗannan dalilai ne na gaske, amma kamfani ya san da su tun kafin ya sa ranar fitarwa.

Abin ya fi muni idan wasan ba ya aiki sai da intanet. A Maris 2022, makonni biyu da fitowar Gran Turismo 7, faci mai lamba 1.07 ya zo da matsala, aka rufe hanyar shiga fiye da awa 30, mafi yawan wasan ya kulle har ga mai wasa shi kaɗai. Facin ya kuma rage ladan wasu tseren, har sai da Kazunori Yamauchi, shugaban Polyphony Digital, kamfanin da ya haɗa wasan, ya ba da haƙuri.

Kada a haɗa wannan da tsarin Early Access na Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, inda ake faɗa maka ƙarara cewa wasan bai kammala ba. Assetto Corsa EVO ya shiga haka a Janairun 2025 da motoci 20 da filaye 5. Le Mans Ultimate ya fara a Fabrairun 2024, bai kai lamba 1.0, wato cikakken wasa, ba sai Yulin 2025. Lambar da ta fara da sifili tana nufin ana kan gini. Wanda ya saya a haka da saninsa ya saya, ko da jiran ya yi tsawo.

Kafin ka biya, karanta bayanan faci uku na ƙarshe, ka ga gyara ake yi ko motocin sayarwa kawai ake ƙarawa, ka kuma duba tazarar da ke tsakaninsu. Jadawalin alkawuran kamfani ba kaya ba ne a hannu, ka auna wasan da abin da ke cikinsa yau. Tabbatar sunan sitiyarinka na cikin jerin waɗanda wasan ya sani, ka bincika ko yana buɗewa ba intanet. A Steam ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan ba ka kai awa biyu kana wasa ba, don haka kada ka ƙarar da awannin nan wajen fentin mota: shiga tsere mai motoci da yawa, cikin ruwan sama, da dare, domin a nan tangarɗa ke fara bayyana.